JACK RUSSELL: ƊAN ƘARAMIN KAREN FARAUTA DA ƁERA KE TSORO, KAZA MA HAKA



Duk mai yawan leƙa Facebook ko TikTok zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon nan ba. Gona ce a Ingila, mutane sun ɗaga tulin ciyawa ko sun tone ƙarƙashin ɗakin kaji, ɓeraye na ta ɓullowa kamar an fasa gidan tururuwa, ga wasu 'yan ƙananan karnuka farare masu ɗigon ja a kai suna ta cafke su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka ankara an tara gawar ɓera tuli guda. Mai kaji in ya ga haka, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne sitonsa da buhunan abincin da ɓera ya huda, sai ya ce ina ma ni ke da irin wannan kare.

Da yawa daga cikin karnukan da ake gani a irin bidiyon nan Jack Russell ne, ko danginsa na kusa. Yau a kansa za mu tsaya: daga ina ya fito, don wane aiki aka samar da shi, yaya siffarsa da halinsa suke. Ku daure ku karanta har ƙarshe, domin abin da ya sa yake kashe ɓera cikin ƙiftawar ido, shi ne dai zai sa ya yi wa kajinka irin wannan aikin in ka yi sake.

ME AKE NUFI DA TERIYA?

Jack Russell yana cikin dangin karnukan da Turawa ke kira teriya. Kalmar ta biyo ta Faransanci ne, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin ƙasa, wato ƙasar da ake tonawa. Ma'ana dai, karen shiga rami.

Karnukan farauta kashi-kashi ne, kowanne da aikinsa. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke bin nama da gudu a fili, irin waɗanda maharbanmu ke fita da su daji da rani suna koro zomo da gada. Akwai masu bin sawu da hanci. Akwai masu ɗauko tsuntsun da aka harbo. Shi kuwa teriya aikinsa na farawa ne daga inda na sauran ya ƙare, wato lokacin da dabba ta shige rami ta ɓuya. Yawancin jinsunan teriya daga tsibiran Birtaniya da Ayalan suka fito, kuma asalinsu karnukan manoma ne da ma'aikata, masu kashe ɓera a rumbu da korar dabbobin da ke yi wa gona ɓarna.

LIMAMIN COCI DA KARYAR MAI MADARA

Sunan karen nan sunan mutum ne. John Russell, wanda aka fi sani da Jack, an haife shi a shekarar 1795 a garin Dartmouth da ke yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ɗan limamin coci ne, shi ma limancin ya gada. Sai dai tun yana yaro ba abin da ya tsaya masa a rai kamar farautar yanyawa a kan doki, har aka riƙa yi masa laƙabi da limami mafarauci.

A shekarar 1819, yana shekararsa ta ƙarshe a Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford, ya haɗu da wani mai sayar da madara a wani ƙauye da ke gefen garin, da wata 'yar karya tana biye da shi. Fara ce, da ɗigon ja mai duhu a kan idanu da kunnuwa, da wani ɗan ɗigo kamar kwabo a gindin jela. Gashinta mai kauri ne, ya kwanta a jiki, da ɗan kaushi. Russell bai bar wurin ba sai da ya saye ta. Sunanta Trump. E, Trump, amma ba ruwanta da na Amurka, ta riga shi zuwa duniya da sama da shekara ɗari.

A kan wannan karya ya kafa irin karnukansa. Ya yi limanci a ƙauyen Swimbridge na arewacin Devon sama da shekara 40, yana wa'azi ranar Lahadi, yana bin daji a sauran ranaku. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, Kennel Club, a 1873, har ya yi alƙalanci a gasar nuna karnuka, amma bai yarda ya kai nasa gasar ba. A wajensa kare na aiki ne, ba na ado ba. Ya rasu a 1883 yana da shekara 87, an binne shi a Swimbridge, kuma har yau akwai gidan baƙi a ƙauyen da ke ɗauke da sunansa.

Ga wani abu da ya kamata mai saye ya sani. Russell ya sha shiga matsin kuɗi, ya sha sayar da karnukansa kaf ya sake tarawa. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce maka kwikwiyonsa jinin Trump ne kai tsaye, daɗin baki ne kawai. Abin da ya rage daga Russell shi ne tsarin karen da ya zana da kuma sunan.

AIKIN DA AKA YI SHI DOMINSA

Nan ne zuciyar bayanin. In ka gane wannan sashe, ka gane karen gaba ɗaya.

Yanyawar Ingila ja ce, ta fi tamu girma, nauyinta kan kai kilo 5 zuwa 7. Yadda ake farautarta a wancan zamani shi ne, mahaya dawaki su fito da garken manyan karnuka masu bin sawu, a taso ta, a yi ta bi tsawon sa'o'i ana tsallake shinge da rafi. In ta gaji sai ta faɗa rami. Manyan karnuka ba sa iya shiga, mahaya sai su yi cirko-cirko. A nan ake kiran teriya. Zai shiga ramin, ya bi ta cikin duhu, ya tsaya a gabanta yana haushi yana tsokana har ta ga zaman bai yiwuwa, ta fito ta wata ƙofa a ci gaba da bi.

To, duba yadda wannan aiki ya tsara komai na jikinsa da halinsa.

Na ɗaya, launi. Yawancin teriyoyin da, baƙi da ja ne. In ja ya fito daga rami jikinsa duk ƙasa, manyan karnuka da ke jira a bakin rami cikin zumuɗi suna iya ɗaukarsa yanyawa su yayyaga shi. Fari kuwa ko daga nesa an san kare ne. Shi ya sa Russell ya nace wa fari.

Na biyu, ƙirji. Duk inda yanyawa ta bi dole shi ma ya bi, saboda haka ƙirjinsa bai kamata ya fi nata faɗi ba. Har gobe masu kiwonsa suna gwada shi da hannu: a ɗaga shi, a zagaye ƙirjin da tafin hannu biyu ta bayan kafaɗu. In yatsu sun haɗu, ya yi. In ba su haɗu ba, zai maƙale a rami.

Na uku, ƙafafu. Karen Russell ba gajere ba ne can-can, domin shi ma yana bin dawaki da ƙafarsa a tuddan Devon tun safe har yamma. Daga nan ya samo ƙarfin da ba ya ƙarewa.

Na huɗu, haushi. Karen da ya shiga ƙasa ya yi shiru ba shi da amfani. Da muryarsa yake takura wa yanyawa, kuma da ita mutanen da ke sama ke sanin inda yake, in ta kama a haƙa a ciro shi. Wato da gangan aka zaɓi masu yawan haushi aka haɗa su.

Na biyar, zuciya mai linzami. Ana so ya tunkari dabbar da ta kai shi girma, mai haƙora, a cikin gidanta, ba tare da ya ja da baya ba. Amma ba a so ya kashe ta a ciki, don in ta mutu a rami farautar ranar ta tashi.

Na shida, cin gashin kai. A ƙarƙashin ƙasa babu ubangida, babu mai ce masa yi ko bari. Shi kaɗai zai yanke shawara. Wannan shi ne abin da masu riƙonsa a yau ke kira taurin kai.

Ko jelar ma da dalilinta. A da ana yanke ta a bar daidai kamun hannu, don a samu abin riƙewa a jawo shi daga rami. Dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta hana yanke jela a Ingila, sai ga karnukan da aka tabbatar na aiki ne.

YADDA SUNA ƊAYA YA RABU

Bayan rasuwar Russell, wani mai suna Arthur Heinemann ya ɗauki ragamar. A shekarun 1890 ya kafa ƙungiya a yankin Devon da Somerset, ya kuma rubuta siffofin da ake so a karen. Su aikinsu ya fi karkata ga tono wata dabbar rami mai kama da dage wadda Turawa ke kira baja, mai ƙarfi da mugun cizo, don haka aka riƙa neman karnukan da suka fi zafi.

Bayan yaƙin duniya na biyu farauta ta ja baya, karen ya fara shiga gidaje. Aka riƙa haɗa shi da wasu ƙananan jinsuna, aka samu gajerun ƙafafu masu dogon jiki. Ya kai ga duk ɗan ƙaramin farin kare mai ɗigo da aka gani a gonar Ingila, Jack Russell ake ce masa.

Daga nan rigima ta tashi tsakanin masu son a yi masa rajista a riƙa kai shi gasa, da masu cewa rajista za ta lalata shi, a koma kiwon kyau a manta da aiki. Ƙungiyar masu riƙonsa ta Birtaniya ta kafu a 1974, ta Amurka a 1976, kuma dukkansu suna ɓangaren aiki. A ɗaya gefen, Kennel Club ta karɓi mai dogayen ƙafafun a 1990, daga baya aka tsayar masa da suna Parson Russell, wato Russell limami. Tsayinsa a kafaɗa wajen santimita 33 ne ga mace, 36 ga namiji. Shi kuwa gajeren, a Ostireliya aka daidaita siffarsa. Ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa da sunan Jack Russell, Kennel Club kuma ba ta karɓe shi ba sai a 2016, kusan shekara 200 bayan sayen Trump.

Saboda haka in ka ga hotuna biyu, wani dogo wani gajere, duk an rubuta Russell, ba kuskure ba ne. Tushe ɗaya ne, reshe ya bambanta.

SIFFARSA A TAƘAICE

Tsayi: santimita 25 zuwa 30 a ma'aunin FCI. Ƙungiyoyin masu aiki da shi suna karɓa har zuwa 38.

Nauyi: ƙa'idar ita ce kilo 1 ga kowane santimita 5 na tsayi, wato kilo 5 zuwa 6. Kamar ka haɗa manyan kajin nama biyu ne a sikeli.

Ƙirji: zagayensa santimita 40 zuwa 43.

Launi: fari ya rinjaya, ya wuce rabin jiki, da ɗigon ja ko baƙi ko duka biyun, yawanci a kai da gindin jela.

Gashi: iri uku ne. Akwai mai santsi gajere, akwai mai kaushi dogo har da gemu da gira, akwai na tsakiya. Duk suna zubar da gashi, mai santsin ma ya fi.

Kai: kunnuwa ƙanana masu lanƙwasowa gaba, wanda ke rage shigar ƙasa. Idanu masu duhu, hanci baƙi, muƙamuƙi mai ƙarfi fiye da yadda girmansa ya nuna.

HALINSA

Hali zanen dutse. Shekara ɗari biyu ana tace wannan kare don aiki guda, ba zai manta ba don kawai ka ɗaura masa ƙararrawa a wuya.

Yana da kaifin basira, yana koyon abu da wuri, shi ya sa masu shirya fim ke son sa. Wanda ya kalli The Mask na 1994 zai tuna ɗan karen Jim Carrey mai suna Milo, to Jack Russell ne. Amma basirar nan takobi ce mai kaifi biyu. Yadda yake koyon zauna da tashi, haka yake koyon buɗe ƙofar keji.

Ba ya gajiya. Yana buƙatar aƙalla sa'a guda ta gudu da wasa kullum. In ka ɗaure shi a gindin bishiya ka tafi, zai nemo wa kansa aiki: haushi ba tsayawa, tauna tiyo, tone gindin katanga. Yana tsalle ya haura mita ɗaya, yana hawa shingen waya, in bai samu ta sama ba ya bi ta ƙasa.

Bai san shi ƙarami ba ne. Zai tari karen da ya ninka shi sau biyar, kuma shi ne zai fara tsokana. Maza biyu a gida ɗaya sukan yi faɗa mai muni. Da yara yana da son wasa, amma ba ya haƙuri da jan kunne ko jan jela, don haka ba a barinsa da ƙaramin yaro babu babba a wurin.

Babban abin kuma shi ne, duk wani ƙaramin abu mai gudu ko mai fuka-fuki, a idonsa abin farauta ne. Ɓera, ƙadangare, zomo, kyanwa, tattabara, ɗan tsako.

Wannan hanci da naci sun sa ya samu ayyukan da Russell bai taɓa mafarkinsu ba. A tsibirin Guam, ma'aikatar noma ta Amurka tana amfani da shi wajen shinshino macizai a cikin kaya kafin a loda su a jirgi. A Yukren, wani mai suna Patron ya yi suna wajen gano nakiyoyi, har shugaban ƙasar ya ba shi lambar yabo a 2022. Wani kuma mai suna Bothie ya raka Ranulph Fiennes a tafiyarsa ta 1979 zuwa 1982, ya taka ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya.

LAFIYA DA TSAWON RAI

Kare ne mai ƙwari. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarauta da ke Landan ta fitar a 2022, bayan duba bayanan karnuka sama da 30,000, ya nuna Jack Russell ne kan gaba a tsawon rai cikin jinsunan da aka auna, da kimanin shekara 12.7. Wanda ya zo ƙarshe, buldog na Faransa, shekara 4.5 kacal. Da yawa sukan kai 15 ko 16. Wannan ya nuna cewa sayensa alkawari ne mai tsawo. Kajin ƙwai za ka yi zubi bakwai ko takwas, shi yana nan.

Yana da cututtukan gado da ake sa wa ido: gocewar ƙwayar cikin ido wadda kan kai ga makanta, gocewar ƙoƙon gwiwa da ke sa ya riƙa ɗage ƙafar baya yana tafiya, lalacewar kan ƙashin cinya a ƙuruciya, da kurumta, wadda ta fi yawa a masu farin jiki sosai. In za ka sayi kwikwiyo, ka nemi ganin uwar da idonka, ka tafa hannu a bayansa ka ga ko zai waiwayo.

DAGA YANYAWA ZUWA ƁERA

Kashe ɓera tsohuwar sana'ar teriya ce. A Landan ta ƙarni na 19 har caca ake yi a kai, a zuba ɓeraye a wani keɓaɓɓen fili a saki kare ana duba agogo. An rubuta cewa a 1823 wani kare mai suna Billy, ɗan wani reshen teriya, ya kashe 100 cikin minti biyar da rabi.

Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Fabrairun 2005, ta hana farautar yanyawa da garken karnuka, amma ta bar ɓera da zomo. Don haka aikin gona ya zama babban filin da ya rage wa teriya. Masu wannan aiki sukan zo da karnuka da yawa, su hura hayaƙi a ramuka ko su tone da shebur, ɓera na fitowa kare ya cafke shi a wuya, ya girgiza sau ɗaya ko biyu, ya yar, ya nufi na gaba. Ba ya wasa da shi kamar kyanwa, ba ya tsayawa ci.

Ku lura da abu guda a bidiyon nan: a gonakin kaji, ana wannan aiki ne bayan an kwashe kajin, ɗaki ya zama fanko. Ba a banza ba.

TO, YA DACE DA GONARKA?

Mu fara da lissafi. Babban ɓera ɗaya yana cin kimanin giram 20 zuwa 30 a rana. Mu ɗauki 25. Ɓera 100 ke nan kilo 2.5 a rana, kilo 75 a wata, wato buhu 3 na kilo 25. Abincin kajin ƙwai sama da 20 ke nan, ana ba wanda ba ya yin ƙwai. Ba a sa wanda suka ɓata da fitsari da kashi ba, da ƙwan da suka fasa, da 'yan tsakin da suka ja, da wayar wuta da suka tauna, da ƙwayoyin cuta irin su salmonela da suke yaɗawa. Ga haihuwa kamar me, cikin mako uku ta sauke 'ya'ya shida zuwa goma ko fiye. Saboda haka mai neman kare ba wauta yake ba.

Ta fuskar addini, malamai sun halatta riƙon kare don farauta, kiwo da tsaron gona. Mai son ƙarin bayani kan hukuncin tsarki sai ya tuntuɓi malaminsa.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga sharuɗɗan:

1. Kare ba ya shiga ɗakin da kaji ke ciki, ko da ka horar da shi tun yana kwikwiyo. Ko bai ciji ko ɗaya ba, firgici kaɗai kan sa kaji su taru a kusurwa su danne juna su mutu, masu ƙwai kuma su rage. Ƙafarsa da bakinsa ma hanya ce ta shigo da cuta. Wurin aikinsa shi ne sito, bayan ɗakuna, gindin katanga, da cikin ɗaki bayan an sayar da kaji, kafin wanki da feshi.

2. In kana da kajin gida ko zabi masu yawo a tsakar gona, ka zaɓi ɗaya, ko su ko shi.

3. Kada ka ba shi mushen kaza. Cuta ce, kuma kana koya masa ɗanɗanon abin da kake so ya bari.

4. Kare da guba ba sa zama wuri ɗaya. In ka zuba shinkafar ɓera ko irin maganin nan mai tsinka jini, karen kilo 5 na iya mutuwa in ya ci maganin, ko ya ci ɓeran da ya ci. In hakan ta faru, a garzaya wajen likitan dabbobi tare da kwalin maganin.

5. Allurar rigakafin haukan kare dole ce, tun yana wata uku, a kuma riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin wannan allura. A haɗa da rigakafin cutar gudawar jini ta kwikwiyo da ta fitsarin ɓera, da maganin tsutsa da na kaska a kai a kai. Kaska na kashe karnukan waje a ƙasar nan sosai.

6. Gawar ɓera ba a ɗauka da hannu. A sa safar hannu ko a yi amfani da shebur, a binne da zurfi ko a ƙona. Zazzaɓin Lassa ta jikin ɓera yake zuwa.

7. Masu kifi, ku kula da tankin siminti. Kare ne mai bin duk abin da ya motsa, in tarwaɗa ta yi juyi zai iya faɗawa, bango kuma a miƙe yake ba wurin kamawa. A rufe da raga. Mai tankin tamfol kuma ya san haƙori da farce ba abokansa ba ne.

8. Zafi. Gajeren farin gashi na taimaka masa, amma kare ne da bai san ya tsaya ba. A watannin bazara a bar aiki sai sassafe ko bayan magariba, lokacin ma ne ɓera ke fitowa. Inuwa da ruwa kada su yanke.

Sannan a sani, kare ragewa yake, ba ya ƙarar da ɓera. In buhunanka na zube a ƙasa, abinci na warwatse a bakin ɗaki, ciyawa ta rufe gindin katanga, ko karnuka goma ka kawo wasu ɓerayen za su maye gurbi. A ɗora buhu a kan katako nesa da bango, a toshe ramuka da siminti, a sa wayar raga mai ƙananan ido a tagogi, a share abin da ya zube kafin dare, a kafa tarko. Kare na zuwa ne a kan waɗannan, ba a madadinsu ba.

Wanda ke da gona mai katanga, da sito a ware, da yaron gona mai son dabba da zai ba shi lokaci kullum, Jack Russell zai yi masa aikin da zai yi mamaki. Wanda kuwa kajinsa ke bayan ɗakin kwanansa a cikin unguwa, maƙwabta bango da bango, kuɗin karen gara ya sayi raga da tarko da su, ya zauna lafiya da kajinsa da maƙwabtansa.

Wa ya taɓa gwada kare, na waje ko na gida, wajen maganin ɓera ko gafiya a gonarsa? Ku faɗa mana yadda aka kwashe a ƙasa, wasu su amfana. A kuma tura wa abokan sana'a.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mana dukiyoyinmu. Amin.